Ruwan da Ya Sauka a Wani Gari: Lacca kan Bin Kwazazzabo da Sana'ar Jagora

  

Da aka sanar da abin da zan yi magana a kai, wani dattijo ya tare ni a kasuwar Diffa ya ce, "Ɗana, mu da ko tudun kirki ba mu da shi, me ya haɗa mu da kwazazzabon duwatsu?" Yana da gaskiya. Daga Maine-Soroa har garinmu Bosso, sai rairayi da fadama da gonakin tattasai. Na ce masa, "Baba, ka zo ka saurara, in ban haɗa zancen da gida ba ka tsayar da ni." Ga shi can zaune, kuma ina kan alkawarina.

Bari in fara da faɗin mene ne abin. A ƙasashe irin su Faransa da Sifen da Italiya da Suwizaland akwai wani wasan masu yawon buɗe ido da ake kira kanyonin. Ni zan kira shi bin kwazazzabo. Kwazazzabo dai tsaga ce mai zurfi da ruwa ya sassaƙa a jikin dutse cikin dubban shekaru. A wasu wurare, in ka miƙe hannuwanka za ka taɓa bangon dama da na hagu a lokaci guda, sama kuwa ba ka ganinta sai kamar zare. Mutum yakan shiga ta kan dutse ya biyo ruwan har ƙasa, wani wuri da ƙafa, wani da iyo, wani ya yi tsalle cikin tafki, wani ya zame a kan santsin dutse. In ya iso inda ruwa ke faɗowa daga tsayi, sai igiya.

Ku dubi yadda ake saukar nan. An sa wa baƙo rigar roba mai kauri da ta matse shi daga wuya zuwa idon sawu, domin ruwan dutse sanyi gare shi, kuma sanyi kaɗai yana iya kashe mutum ko bai nutse ba. An ɗora masa hular kwano. An ɗaura masa ɗamara mai zagaye ƙugu da cinyoyi, da ƙugiyar ƙarfe a gabanta. Jagora ya zura igiya a zoben da aka kafe a jikin dutsen, ya auna tsawonta yadda bakinta zai tsaya daidai fuskar tafkin da ke ƙasa, don kada ragowar ta naɗe wa mutum ƙafa a cikin ruwa. Sai ya ce wa baƙon ya juya wa ramin baya, ya jingina da iska. A nan ne gwiwa ke rawa. Baƙo yana sauka, ruwa na dukan hularsa kamar ana sussuka, ba ya jin muryar kowa, shi ya sa ake magana da usur da alamar hannu. Jagoran yana riƙe da ƙulli irin wanda zai iya kwancewa nan take ya sassauto mutum in ya maƙale a tsakiyar ruwa. Idan kowa ya sauka, sai a janye igiyar daga ƙasa. Ina so ku riƙe wannan: da zarar an janye igiya, hanyar komawa baya ta rufe. Sai gaba.

Asalin abin ma aikin binciken ruwa ne. A watan Agusta na 1905 wani Bafaranshe, Édouard-Alfred Martel, ya ratsa kwazazzabon kogin Verdon a kudancin Faransa, wanda zurfinsa ya kai mita 700 a wasu wurare. An tura shi ne ya duba ruwan. Sunan Martel ne ya cika littattafai, amma wanda ya ja shi ɗan yankin ne, Isidore Blanc, malamin makarantar ƙauyen Rougon. Yau a Faransa ba ka jan mutane cikin kwazazzabo don kuɗi sai kana da takardar shaidar gwamnati.

To, Baba, ga inda zancen ya iso gida.

Wane ne a cikin zauren nan bai san cewa Komadugu, kogin nan namu, ba ta cika da ruwan samanmu ba? Damina takan wuce, a yi girbin hatsi, sama ta yi fes, har hunturu ya fara leƙowa, ita kuwa Komadugu sai ƙara tasowa take yi. Daga Oktoba zuwa Disamba ne take kai maƙura. Ruwan da ke wucewa ta Bagara, kusa da Diffa, a lokacin ya sauka ne tun watanni a ƙasar Kano da tsaunukan Jos. Wani ya biyo kogin Kano ta madatsar Tiga, wadda aka gama a 1974. Wani ya biyo Challawa, inda aka datse shi a 1992, kuma ita madatsar Challawa sunan kwazazzabo take ɗauke da shi. Su biyun su zama kogin Haɗeja. Na Jos ya biyo ta Jama'are. Duk su bazu cikin fadamun Haɗeja da Nguru, su yi ta jan ciki a hankali, su haɗu wajen Gashuwa, su wuce Gaidam, su zama iyakarmu da Najeriya, su ratsa ta Diffa da Geskeru, har su iso Bosso suna kallon Malam Fatori, sannan su faɗa tafkin Chadi. Manomin tattasai a nan yana rayuwa ne da hadarin da bai taɓa gani ba. Kuma a Oktoban 2019 kogin ya ɓalle ya shiga unguwanni da gonaki da sansanonin 'yan gudun hijira. Ruwan wani gari ne ya ci mu.

Wannan ka'idar ita ce ta kwazazzabo, sai dai abin da yake ɗaukar Komadugu wata uku, a can minti kaɗan ne. Dutse ba ya shan ruwa. Babu fadamar Nguru da za ta riƙe shi ta rage masa gudu. Duk abin da ya sauka a kan tsauni sai ya tattaru ya nufi tsaga ɗaya, ya kwaso itatuwa da duwatsu da laka, ya taho kamar bango.

Ranar 12 ga Agusta 1997, a kwazazzabon Antelope da ke jihar Arizona ta Amurka, masu yawon buɗe ido 11 suka mutu, bakwai daga cikinsu Faransawa. Inda suke tsaye, ruwan da aka yi bai taka kara ya karya ba. Hadarin ya zuba ne kilomitoci da dama a sama da su. Bayan shekara biyu, ranar 27 ga Yuli 1999, a rafin Saxetbach kusa da Interlaken a Suwizaland, ambaliya ta riski wani ayari cikin kwazazzabo, mutum 21 suka rasu, baƙi 18 da jagorori 3, akasarinsu matasa daga Ostareliya. Ranar 20 ga Agusta 2018, a Raganello da ke kudancin Italiya, mutum 10. A Oktoban 2018, kusa da Tekun Gishiri a Jodan, mutum 21, mafi yawansu yara 'yan makaranta da aka kai yawo.

Na Suwizaland ne ya fi tsaya mini a rai. Mutanen nan suna da igiya mai kyau, suna da hula, suna da riga, babu abin da ya tsinke. Hadari ya haɗu a kan tsauni, aka shiga duk da haka. A Disamban 2001 kotu ta sami shida daga cikin shugabannin kamfanin da laifin sakacin da ya jawo mutuwa, saboda ba su horar da ma'aikatansu yadda ya kamata kan sha'anin hadari ba, ba su kuma kafa dokar da za ta tsayar da tafiya ba. A ganina kotun ta kama bakin zaren. Yaro ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ga baƙi sun biya kuɗi, sun sa riga, ga maigida yana jiran ciniki, da wane baki zai ce a koma? Sai in tun farko an ba shi wannan ikon, an kuma tabbatar masa ba zai rasa abincinsa ba don ya yi amfani da shi.

Ni na ga mai irin wannan ikon da idona, kuma a Bosso na gan shi. Ina yaro, akwai wani tsoho mai fito a mashigarmu. Kwale-kwalensa ɗaya, da manyan goruna da yake ɗaure wa kaya. Wata ranar kasuwa muka iso da mahaifiyata da sassafe, mata sun taru da ƙwaryar nono da buhunan busasshen kifi, kowa na sauri. Tsohon ya tsuguna a bakin ruwa. Akwai wani kara da ya soka a laka tun daren jiya, ya duba inda ruwa ya kai a jikinsa. Ya ɗebi ruwan a tafin hannu ya kalli launinsa. Ya bi wata ciyawa da ido har ta wuce, irin wadda ba ta fitowa a wajenmu. Sai ya miƙe ya ce yau ba zai ɗauki fiye da rabin abin da ya saba ɗauka ba, kuma yara sai a sawu na dabam. Mata suka yi ca a kansa. Wata ta ce, "Haba Baba, rana tana yi, kasuwa za ta watse." Ya ce, "'Yata, kasuwa tana ci wani mako." Bai ƙara ko kalma ba, kuma bai ƙara mutum ɗaya ba. A ranar ya yi asarar kuɗin fito, na tabbata. Tsohon nan bai taɓa ganin dutse mai tsawon mita ɗari ba, amma da za a kai shi bakin Saxetbach a wancan yammacin, na yi imani da ya dubi sama ya dubi launin ruwa ya ce a dakata.

Abin da baƙo ke saya ke nan idan ya ɗauki jagora. Igiya ana sayar da ita a kanti. Abin da ba ya kanti shi ne mutumin da ya san wurin, ya san abin da ke faruwa a inda ido ba ya kaiwa, kuma yake da ƙarfin zuciyar cewa a'a.

Mu kuwa sana'ar nan ba baƙuwarmu ba ce. Fataken Hausa da suka yi ta zirga-zirga zuwa Gwanja neman goro suna da madugu mai shugabancin ayari, suna da jagaba mai wucewa gaba ya duba hanya da mashigar ruwa da zango. Har gobe ayarin gishiri da ke tashi daga Abzin ya ratsa Tenere zuwa Fashi da Bilma, madugu ke jansa, yana karanta taurari da kwanciyar rairayi. Wanda ya raina wannan ilimin ya sha wuya. A Yulin 1850, matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth, wanda daga baya ya zo Agadas da Kano da Kukawa, ya nace sai ya hau dutsen Idinen kusa da Ghat shi kaɗai, bayan mutanen wurin sun hana shi. Ya ɓata, ruwansa ya ƙare, ƙishi ya kai shi ga tsotsar jinin jikinsa. Wani Buzu ne ya bi sawunsa ya tsinto shi rai a hannun Allah.

Idan ana neman kwazazzabo na gaske a Nijar, Abzin za a nufa. Can ne dutsen Bagazam yake, mai ƙololuwar da ta kai mita 2,022, mafi tsawo a ƙasar. Can ne Timiya take, da lambunan lemo da rumman, da ruwanta mai faɗowa daga tsagar dutse cikin tafki. Tun 1991 UNESCO ta sa Abzin da Tenere cikin kayan gadon duniya. Sai dai a faɗi gaskiya yadda take: a da baƙi sukan zo Abzin ne da sanyi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da koramu suka ƙafe, sai tafkunan da suka maƙale a inuwar duwatsu. Abin da Abzin ta shahara da shi tafiyar ƙasa ce da ta raƙumi da ta mota, ana ratsa busassun kwaruruka. Lokacin da ruwa ke gudu kuwa, wato damina, shi ne lokacin da shiga korama ya fi haɗari. Mutanen Agadas ba su manta da farkon Satumban 2009 ba, da koramar Telwa ta fasa shinge ta shigo gari da dare ta rushe gidaje masu yawa. Na taɓa kwana a hanyar Timiya a ƙarshen damina. Mun gaji liƙis, ga rairayin korama mai laushi kamar katifa, ga inuwar itatuwa, muka fara sauke tabarmi. Direbanmu Ba'abzine ya ce mu kwashe mu hau kan tsakuwa. Sama cike take da taurari, amma ya nuna mana can arewa, inda walƙiya ke ƙiftawa ba a ko jin tsawarta. A kan tsakuwar muka kwana.

A jiharmu, dutsen da ya fi kusa shi ne Termit, can arewa maso yamma wajen iyakarmu da Damagaram, a cikin gandun da aka kafa a 2012, inda ragowar barewar nan mai murɗaɗɗen ƙaho da Turawa ke kira adaks take. Busasshen dutse ne, na masu son ganin namun daji da faɗin sahara. Ruwa mai faɗowa sosai sai an tsallaka Najeriya: Gurara, Matsirga kusa da Kafanchan, Assop a hanyar Jos, Farin Ruwa a jihar Nasarawa. A gabas kuma akwai Ennedi ta Chadi da tafkin Archei a tsakanin bangayen dutse, inda raƙuma ke shan ruwa kusa da kadoji.

Agadas ta taɓa cin abinci da sana'ar jan baƙi, ta ƙoshi. A shekarun 1980 Mano Dayak, wanda filin jirgin saman garin ke ɗauke da sunansa yanzu, ya nuna cewa ɗan ƙasa zai iya kafa kamfanin yawon buɗe ido na kansa ya yi gogayya da na Turai. Jirage sukan taso daga Faransa kai tsaye. Direba ya samu, mai dafa abinci ya samu, mai raƙumi ya samu, maƙerin azurfa ya samu, mai lambu a Timiya ya sayar da lemonsa. Tawayen 1990 ya girgiza harkar, ta farfaɗo, na 2007 ya sake kayar da ita, sannan sace ma'aikata a Arlit a Satumban 2010 ya rufe ƙofar. Ranar 9 ga Agusta 2020, a Kure kusa da Yamai, inda ake zuwa kallon raƙuman dawa, aka kashe mutum takwas, Faransawa shida da 'yan Nijar biyu, direba da jagora. Jagoran ya mutu ne a bakin aikinsa, tare da baƙinsa. Duk lokacin da ake lissafin wannan rana, a riƙa tunawa da shi.

Ba sai na gaya wa mutanen Diffa mene ne rashin tsaro ba. Mun ga 6 ga Fabrairu 2015, ranar da aka far wa Bosso da Diffa. Mun ga 3 ga Yuni 2016, da Bosso ta watse, mutane wajen dubu 50 suka fita da abin da ke jikinsu. Mun ga an hana hawa babur, an tsayar da cinikin tattasai da kifi, an kwashe mutanen tsibirai, an jera bukkoki a gefen babbar hanya. Saboda haka ba zan tsaya a gabanku in ce a buga takardun talla a kira baƙi su zo yawo a Komadugu bana ba. Wanda ya ja baƙo zuwa inda ya san ba lafiya, laifinsa ɗaya da wanda ya shiga kwazazzabo hadari na kansa. Dokar ba ta canzawa.

Amma akwai abin da nake so mu ɗauka daga waɗancan ƙasashe tun yanzu, kuma ba ya jiran baƙo ko ɗaya.

Shi kwazazzabon Antelope da na ambata, a ƙasar ƙabilar Navajo yake. Yau babu mai shigarsa sai da jagoran da hukumarsu ta ba izini. An kafa matakalan ƙarfe, an sa jiniyar gargaɗi, ana bin labarin hadari, in aka ga alama a rufe wurin, ko baƙi nawa ne a layi. Mabuɗin yana hannun masu ƙasa, kuɗin kuma yana kwana a gidajensu. Mu fa? In Allah ya kawo zaman lafiya, kuma zai kawo, mutane za su so ganin tafkin Chadi da tsibiransa, da shanun Kuri masu manyan ƙahoni suna iyo, da tsuntsayen da ke tasowa daga Turai da hunturu, da jan tattasai shanye a rana. A ranar, wa zai riƙe mabuɗin? In ba mu shirya ba, wani zai zo daga nesa da motarsa da takardarsa, ɗan Bosso ya zama mai ɗaukar masa jaka.

Ko a bar zancen baƙi gaba ɗaya, ilimin jagoran kwazazzabo ilimin ceton rai ne a cikin ruwa mai gudu. Yadda ake jefa wa wanda ruwa ya ja igiya. Yadda ake tsallakar da mutane a igiyar da aka ja a karkace, ruwan da kansa ya tura su gaɓa. Dalilin da ya sa ba a ɗaure mutum da igiya a ƙugu a sake shi cikin igiyar ruwa, domin ita za ta danne shi ƙasa. Yadda ake farfaɗo da numfashin wanda aka tsamo, da yadda ake ɗumama shi. Kowace shekara kogin nan yana cin yaranmu a wajen wanka da mata a wajen fito. Ku ɗalibai, ina tambayarku: mutum nawa ne a cikinku suka iya iyo? Ku ɗaga hannu. Kun ga yawan hannayen da ba su tashi ba, kuma dukanmu 'ya'yan bakin kogi ne.

Muna da jami'a a garin nan tun 2014. Muna da ma'aunin ruwa a Bagara, ana karanta shi. Muna da gidajen rediyo, kuma kusan kowane gida akwai wayar salula. Me zai hana a riƙa faɗin tsayin ruwa kullum da Kanuri da Hausa da Fulatanci, kamar yadda ake faɗin farashin tattasai? Me zai hana a nemi labari daga Gashuwa da Gaidam, tunda duk abin da ya wuce ta gabansu mu zai iso wa? Masu fito da masunta da suka tsufa suna nan, da yawansu a sansanoni, nesa da ruwan da suka sani, kuma duk wanda ya rasu a cikinsu ya tafi da abin da ke kansa.

Baba, ina fata na cika alkawari. Ku kuma ƙannena, roƙona gare ku ɗaya ne. Kafin ruwan bana ya iso, kowannenku ya nemi tsoho ɗaya mai fito ko masunci, ya gaishe shi da ladabi, ya zauna a gabansa da littafi da alƙalami. Ku tambaye shi sunan kowace mashiga daga Diffa zuwa Bosso, da inda gurbi yake, da launin da ruwa ke yi idan zai taso, da ranar da ya taɓa ƙin fito da dalilinsa. Ku rubuta da harshen da ya faɗa, ku kawo wa malamanku a haɗa wuri ɗaya.

 Allah ya zaunar mana da ƙasarmu lafiya, ya mai da kowa gidansa.